Awon da Aka Laƙaba wa Jatau

Godiya ta tabbata ga Wanda ya ba wuta iko a kan ƙarfe, ya ba ruwa iko a kan wuta, ya ba ɗan Adam iko a kan su duka biyun, sa'an nan ya bar shi yana fama da zuciyarsa. Bayan haka, ni ne Barmo maƙerin tagulla, mutumin Birnin Zangur, wanda ya je Kwarin Turnuƙe da ƙafarsa ya komo da tari. Ga yadda aka yi, kuma duk wanda ya ji labarin nan ta wata fuska, to daga bakin masoyan Jatau ya ji shi.

Jatau taubashina ne, ɗan ƙanwar ubana. Maƙera ɗaya muka tashi, zuga-zugi ɗaya muka zuga, amma ba rabo ɗaya aka yi mana ba. In na yini ina gyaran buta sai a ce, "Ba laifi." In shi ya ɗan ƙwanƙwasa murfin tukunya yana waƙa, sai a kira maƙwabta su zo su gani. Ina ƙyashinsa tun muna yara, ƙyashi irin wanda ke hana tuwo wucewa a maƙogwaro. Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa, ba mugu ba ne. Da mugu ne da na huta.

Wata shekara fatake suka kawo labarin wata ƙasa bayan tsaunukan arewa, inda ake jan bututun tagulla mai tsawon giginya, ba ɗinki ba haɗi. Suka ce Magajiyar tagulla ta ƙasar takan zaɓi baƙo ɗaya a shekara ta koya masa. Na ce a raina, yauwa, ga abin da zai sa a ambaci sunana sau ɗaya ba tare da nasa ba. Na haɗa kayana a ɓoye, ban gaya wa kowa ba, na fita da sassafe. Ina isa ƙofar gari na tarar da shi zaune a kan jakarsa yana ɓare gyaɗa.

Ya ce, "Bawana, ka makara. Gwaggonka ta ce in bi ka, kada ka ɓata."

Haka muka kama hanya. Muka ratsa ƙasar da yashinta ke kuka in an taka shi, muka haye kogin da ke gangarawa gabas da safe ya juyo yamma da la'asar. Duk garin da muka sauka, shi ake ba shimfiɗa mai laushi, ni a miƙo mini igiyar jakin mai gida in ɗaure.

A mashigar tsaunuka, inda hanya ta tsuke har jaki ba ya iya juyawa, wata mesa ta tare mu, kaurinta kamar turmi. Ni ta fara kamawa, don in dai wahala ce ni ake fara kira. Ta naɗe ni tun daga gwiwa har hammata. Na yi salati, amma idona na maƙeri bai daina aiki ba. Na ga gefen jikinta da ke manne da ni ya tattare ya yi ninki-ninki, gefen waje kuwa ya miƙe har ɗigo-ɗigon fatarta sun yi tsawo. Sai wani baƙin layi da ya bi tsakiyar gadon bayanta, shi kaɗai ne bai tattare ba bai kuma miƙe ba, ɗigonsa suna nan yadda suke. Ban san me ya sa na riƙe wannan a kaina ba, alhali haƙarƙarina na ƙara.

Shi kuwa Jatau wani abu daban ya gani. Ya lura saɓa take yi, tsohuwar fata ta manne mata a ido ta hana ta gani, shi ya sa take kama duk abin da ya motsa. Ya buɗe jakata, ya kwashe man shanuna, ya shafa mata a fuska yana lallashinta, ya saluɓe fatar a hankali.

Mesa ta buɗe ido ta ce, "Wane ne wannan mai hannun alheri?"

Ya ce, "Jatau ne, ranki ya daɗe."

"Wannan da nake riƙe da shi fa?"

"Bawana ne. Ba ya ciwuwa, ɗaci gare shi tun yana yaro."

Ta sake ni a cikin ƙarangiya, ta goya shi a bayanta har bakin kwarin. Ni na biyo su a ƙafa da kaya biyu a kaina, ina cire ƙaya, ba man shanu. Har macizai ma sun san wanda za su so.

Kwarin Turnuƙe rami ne mai faɗin ƙasa guda, kewaye da duwatsu masu santsi. A cikinsa ginshiƙan dutse ne tsaye birjik kamar dajin giginya, kowanne da ɗaki a gine kewaye da gindinsa. A jikin kowane ginshiƙi an sassaƙa wani ɗan kwari da ke hawa yana zagayawa, zagaye bayan zagaye, har ya ƙare a wani rami can a kai, wanda suke kira hanci. A cikin kwarin nan ne bututun tagulla yake kwance, bakinsa na sama a cikin hanci, wutsiyarsa ta ratsa rufin ɗaki ta sauko a miƙe har kan gado.

Aka kai mu gaban Magajiya Tabawa, wata tsohuwa da tagulla ta rina wa yatsu suka zama kore. Ta dube mu ta ce, "'Ya'yana, kun zo a kan gaɓa. Sau ɗaya a shekara ƙasar nan takan tsage ta fitar da hayaƙi mai kisa, ya cika kwarin har sai ruwan fari ya sauka. Kowa yakan shiga ɗakinsa ya liƙe ƙofa da laka, ya sha iskar da bututunsa ke sauko masa da ita daga hanci, inda hayaƙi ba ya kaiwa. Mu namu bututun gadonsa muke yi daga iyaye, in ya lalace mu auna sabo a jikin tsoho. Baƙo kuwa ginshiƙin da ba kowa ake ba shi, ya auna da kansa, ya faɗi tsawon da yake so, in yanka masa."

Na ce, "Inna, in ya yi tsawo fa?"

"Ba ya shiga hanci."

"In ya gaza?"

"Hayaƙi zai sauko maka da shi. Mahaɗi kuma ba ya tare hayaƙi. Bututun mutum numfashinsa ne, ba a yanka shi sau biyu, ba a kuma ƙara shi. Wanda aikinsa ya fi gamsar da ni a cikinku, shi zan koya wa."

Jatau ya yi dariya ya ce, "Inna, a ba bawana gajeren ginshiƙi, tsoron sama yake ji."

Magajiya ta ɗaure fuska. "Bawanka ne? Mu nan ba ma ajiye bayi."

Ya ce, "A'a, Inna, taubashina ne. A ƙasarmu ɗan mace da ɗan namiji ba abin da ke tsakaninsu sai zolaya. Duk abin da kika ji ɗayanmu ya faɗa a kan ɗaya, ki zubar, wasa ne."

Mutanen kwarin ba su taɓa jin irin wannan al'ada ba, sai ta burge su ƙwarai. Kafin la'asar labari ya zaga gari cewa ga wasu baƙi da ba sa faɗin gaskiya a kan juna. In na ce wa Jatau miƙo mini ruwa, sai jama'a su fashe da dariya, su jira su ji abin da zai ce.

Washegari Jatau ya ɗauki siririn zare ya haye ginshiƙinsa kamar biri, yana kwantar da zaren a cikin kwari yana waƙa. Ya sauko, ya auna zaren da kamu, ya faɗi tsawo tun rana ba ta yi zafi ba. 'Yan mata suka rangaɗa guɗa. Ni ma na hau nawa na auna da zare, amma da na sauko sai ban faɗi tsawon ba, don mesar nan ta dawo mini a rai. Zare a jikin dutse yake kwanciya, wato yana bin gefen da ke tattarewa. Bututu kuwa kaurinsa ya kai wuyan hannu, kuma tsawonsa na gaskiya yana tsakiyarsa, inda baƙin layin nan yake, nesa da dutsen da rabin kaurinsa.

Na ari taɓarya da turmi a wani gida, da guntuwar igiya mai kaurin bututun. Na naɗa zare a jikin taɓarya zagaye ɗaya, na naɗa igiya zagaye ɗaya, na warware na jera su. Igiya ta fi tsawo. Na maimaita a jikin turmi, sai na ga ratar da ke tsakaninsu ba ta canza ba, ita ce dai ta ɗazu. Na yi ta juya abin, har na ɗauki zare na zagaya ƙugun bututun kansa sau ɗaya, na gwada a kan ratar, ya zauna cif. Ashe ko ginshiƙi siriri ne ko ƙato, kowane zagaye yana cin ƙarin tsawo daidai da zaren da ya zagaye ƙugun bututun. Na ƙirga zagayen ginshiƙina, na ƙara wa kowanne nasa. Sa'an nan na ɗaga kai na ƙirga na Jatau, na ga abin da zai rasa ya kusa tsayin mutum.

Na same shi ana ba shi fura, na ce, "Kai bawa, bututunka zai gaza."

Jama'a suka kwashe da dariya. Ya ce, "Kun ji ko? Ya fara."

Na cire hulata na riƙe a hannu, na ce, "Jatau, ba wasa nake ba. Ka auna dutse, ba ka auna tagulla ba."

Ya ce, "Wallahi ka fi iya wasan in ka ɗaure fuska. Yini guda kana hira da taɓarya, shi ne za ka koya mini awo?"

Na tafi wurin Magajiya na ce ta dakata da yanka nasa. Ta dafa kafaɗata tana murmushi, ta ce, "An riga an gaya mana halinku, ɗana. Kuma ko ba a gaya mana ba, ƙyashin nan a fuskarka yake, makaho ma zai shafa ya ji." Ta yanka masa yadda ya faɗa, ta yanka mini yadda na faɗa, har tana cewa na cika haɗama.

Muka shiga lanƙwasa. Mukan ɗura wa bututu busasshen yashi mu toshe bakinsa biyu da itace, don kada ya loɓe a wurin lanƙwasa. Mu gasa shi da gawayi kaɗan-kaɗan, mu kwantar da shi a cikin kwari, mu matsa gaba. Aikin ya ci mu kwanaki, kuma kullum 'yan kallo suna gindin ginshiƙin Jatau. Ranar da na gama, bakin bututuna ya shige hanci kamar a nan aka halicce shi. Na zazzage yashin, na sa fuska a wutsiyarsa na ji iska mai sanyi. Wani dattijo da ke wucewa ya leƙo ya ce, "To, ai haka ake so," ya wuce kallon Jatau.

Da hantsin ranar da ƙasa ta fara warin ruɓaɓɓen ƙwai Jatau ya kai lanƙwasarsa ta ƙarshe. Tagulla ta ƙare masa a hannu, hanci yana can gaba, ko ya miƙa hannu ba ya taɓa shi. Waƙarsa ta tsaya. A daidai lokacin aka buga gangar shiga ɗaki.

Na ce, "Inna, a bar shi ya shiga nawa."

Magajiya ta ce, "Bututu ɗaya ba ya ɗaukar ƙirji biyu. An taɓa gwadawa, gawa biyu aka fitar. Hanyar fita kuma ta fi ƙarfin ƙafarsa, hayaƙi zai cim masa." Ta share hawaye da bayan hannu, ta shige ɗakinta. Masu guɗar nan duk suka watse, kowa na liƙe ƙofarsa.

Daɗi ne ya fara zo mini, ya tsarga har tafin ƙafa. Ga shi dai sau ɗaya a duniya ni ne daidai, shi ne a karkace. Na shiga ɗakina, na ɗebo laka. Ta kafar ƙofa na hango shi zaune a gindin ginshiƙinsa, siririn zaren nan a hannunsa yana ta kallonsa. Na tuna Gwaggo da za ta tare ni a ƙofar gari ta leƙa bayana tana neman ɗanta. Sa'an nan wani tunani ya zo mini wanda ya fi wannan tayar da hankali: rayayyen Jatau ma ban iya da shi ba, ina ga matacce, wanda za a yi ta yabo har tashin duniya, ba kuma zai sake yin kuskure ba? Na yar da lakar na fita.

Ya ɗago ya ce, "Ashe da gaske kake."

Na ce, "Tashi ka kama aiki, bawa. Giɓin nan ba dole ne ya zauna a sama ba. Mu sauko da shi ƙasa."

"Ta yaya?"

"Wutsiyar da ke cikin ɗakinka a miƙe take tun daga rufi har gado. Za mu murza bututun duka ya haura cikin kwarinsa, wutsiyar ta biya abin da ya rasa."

Muka fasa lakar rufin inda bututu ya ratsa. Muka kwashe man gyaɗar da aka ajiye masa na abinci muka bi kwarin da shi. Shi ya hau sama yana ja da igiya, ni ina kan rufi ina gasa wutsiyar ina lanƙwasa ta tana shiga kwari, taƙi bayan taƙi. Hayaƙi ya fara fitowa daga tsagar ƙasa, rawaya ne, mai nauyi, yana rarrafe kamar kunu ya zube. Ba mai kallonmu ko ɗaya, kowace ƙofa a liƙe take. Sai da hannuna ya saluɓe a wuri biyu kafin na ji ya ƙwala mini kira daga sama cewa bakin bututun ya shiga hanci. Muka cire toshin muka zazzage yashin.

Da muka sauko hayaƙi ya kai gwiwa. Bakin bututun yanzu yana can dab da rufi, iskarsa kuma ba ta wadatar da mutum sai yana kusa da shi. Muka tara duwatsun murhu da dutsen niƙa da buhunan gero, muka ɗora gadon a kai. Yana hawa ina faɗa masa awon zaren ƙugu, don haushi, in ya rayu ya san inda ya kuskure. Na toshe rufin, na liƙe masa ƙofa ta waje, na jiƙa rawanina na rufe hanci, na ruga. Hayaƙin ya kai mini ƙirji kafin na isa ɗakina, na kuwa shaƙi rabona.

Muka zauna a rufe har ruwan fari ya sauka ya wanke kwarin. Jama'a suka fito yadda suka saba fitowa kowace shekara, ido ja, murya a shaƙe, don ɗan hayaƙin da ke tsattsafowa ta bango a ƙasa yake kwanciya, daidai inda gadajensu suke. Ni na fi kowa tari. Aka tafi ɗakin Jatau da likkafani, aka fasa ƙofa, sai ga shi a can sama yana miƙa, idonsa fari tas, har ya yi ƙiba.

Magajiya ta shiga ta daɗe tana duban gadon da bakin bututun. Ta fito ta ce, "Tun kakanninmu muna kwana a cikin dafi ba mu sani ba. Yaron nan ya ɗaga mu sama, ya kuma rage mana tagullar da muke ɓatawa a wutsiya. Ɗana, ta yaya za a auna kada a sake gazawa?"

Jatau ya faɗa mata awon zaren ƙugu, kalma bayan kalma yadda na faɗa masa. Sa'an nan ya ɗaga hannu ya ce, "Amma ku saurara, jama'a. Ba ni ba ne. Ni kuskure na yi, na kusa mutuwa. Barmo ne ya gano awon, shi ya gargaɗe ni na ƙi ji, shi ya murza bututun, shi ya ɗaga gadon. Ku dubi hannunsa."

Na miƙa hannuna don su gani. Sai wata mata ta tuntsire da dariya, sauran suka ɗauka.

Dattijon nan ya ce, "Kai, wasan nan nasu da daɗi yake. Yanzu kuma yabonsa yake yi don ya ƙular da shi."

Jatau ya rantse, suka ce ashe har rantsuwa ake sawa a ciki. Ni ma na ce, "Ni ne, wallahi ni ne," ina tari, sai dariyar ta ƙaru har wasu na riƙe ciki. Magajiya ta kama hannun Jatau ta ce ga gwaninta ga kuma rashin girman kai, shi za ta koya wa, kuma duk wanda ya koya, a kwarin yake zama. Na tsaya ina kallonsa yana kuka saboda ni, na ji ina ƙyashin kukan ma, don ko shi ya yi masa kyau.

Ya rako ni har mashigar tsaunuka. Ya ce, "Zan yi ta faɗa musu har su yarda."

Na ce, "Kai ka koya musu kada su yarda. Koma, bawa, fura na jiranka."

Ya rungume ni, na bar shi ya rungume. A hanya mesar nan ta tare ni, ta tambaye ni lafiyar Jatau, ta ce in wuce albarkacinsa.

Na komo Birnin Zangur na ba Gwaggo labari, ta ce dama ta san ɗanta ba zai ba ta kunya ba. Shekaru suka shuɗe, gemuna ya yi fari, tarin bai bar ni ba. Kwanan baya ina zaune a maƙera ina shirin lanƙwasa wa wani mai turare bututu a jikin wani itace, sai ga wani farke daga arewa ya tsaya yana kallona.

Ya ce, "Baba, kada ka auna a jikin itacen kawai, zai gaza. Akwai wani awo da ake yi a ƙasashen da na fito, kowane zagaye ka ƙara zaren ƙugun bututun. Awon Jatau ake ce masa. In kana so in nuna maka."

Na ajiye awartaki na ce, "Ka ga Jatau ɗin da idonka?"

"Na gan shi. Babban mutum ne, ga barkwanci. Kullum sai ya ce wai wani taubashinsa ne ya gano awon, jama'a su yi ta dariya."

"Yana lafiya?"

"Lafiya lau, har da jikoki."

Na yi hamdala har cikin raina, na sa aka kawo masa ruwa ya sha. Da ya ajiye kwanon, na ce ya tashi ya fitar mini daga maƙera.